Yadda Mawaƙi Zai Fitar da Kundin Waƙoƙinsa na Farko Shi Kaɗai

Mawaƙin da ya saba waƙa cikin ƙungiya, ko ya daɗe yana yi wa wani amshi, ranar da ya shiga situdiyo shi kaɗai yakan gano ashe rabin nauyin waƙar wasu ne suke ɗauke masa. Na taɓa zama a bayan injiniyan sauti ina kallon wata mawaƙiya tana ɗaukar waƙarta ta farko bayan ta bar abokan waƙarta. Ta gama baitin farko lafiya lau. Kiɗa ya shiga na biyu, sai ta yi shiru ta waiga dama, wurin da abokiyarta ta saba tsayawa. Injiniya ya tsayar da kiɗan ya ce mata, "Naki ne fa." Ta yi dariya, amma sai da aka maimaita sau huɗu kafin numfashinta ya kai ta ƙarshen baitin, domin shekara da shekaru a nan take hutawa.

Wannan gurbin da wasu suka bari shi ne aikin kundi na farko: ka cike shi da abin da yake naka. Ga yadda ake bi.

Fara da takardu, kafin ka buɗe baki

Na san ba wannan kake son ji da farko ba. Amma idan ka taɓa sa hannu a kwantiragi da wani kamfanin waƙa, ko kai kaɗai ko tare da ƙungiya, ɗauko takardar ka kai wa lauyan da ya san harkar waƙa. Yarjejeniyar ƙungiyoyi da yawa tana ɗauke da wani sashe kan mamban da ya fita, wanda ke bai wa kamfani damar riƙe shi ko da ya bar sauran. Wato kana iya kashe shekara kana haɗa kundi, ashe ba ka da ikon sakinsa sai da izininsu. A duba kuma sunan da kake waƙa da shi, wa ya mallake shi a rubuce.

Idan kuma sabon kamfani ne ya zo da tayi, ka sani kuɗin da suke bayarwa tun gaba ba kyauta ba ne. Daga kasonka za a riƙa cirewa har su mayar da abinsu, kafin ka fara ganin ko sisi. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski. Tambayoyi uku ba a barinsu: wa zai mallaki asalin sautin da aka ɗauka, na shekara nawa, kuma kundi nawa ka ɗaure kanka da su?

Kowace waƙa tana da haƙƙin mallaka iri biyu, kuma mawaƙa da yawa ba sa rarrabe su sai rigima ta taso. Akwai haƙƙin waƙar kanta, wato kalmomi da karin da aka tsara, wannan na waɗanda suka rubuta ne. Akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa a situdiyo, wanda yawanci na wanda ya biya kuɗin ɗauka ne. Taylor Swift ita ta rubuta waƙoƙinta, amma asalin sautin kundinta shida na farko ba nata ba ne, aka sayar da su a 2019 ba da son ranta ba. Sai da ta sake rera huɗu daga ciki tun daga tushe, sannan ta samu ta sayi na asalin a 2025. Idan tauraruwa irin wannan ta sha wannan wahala, ina ga mai farawa.

Ka san me za ka faɗa

Bayan takardu, zauna ka rubuta jimla ɗaya tak: wannan kundi a kan me yake? Ba taken kundi nake nufi ba, jimlar da kai za ka riƙa komawa gare ta duk lokacin da ka rikice. Misali, shekarar da na rabu da wadda nake so. Ko kuwa, abin da na kasa faɗa lokacin da muke mu huɗu. Idan ka kasa rubuta ta, ba ka shirya ba tukuna, ka ci gaba da sakin waƙa ɗaiɗai har maganar ta nuna.

A nan ne mafi yawan masu fita daga ƙungiya ke zamewa, kuma ta hanya biyu. Wani yana tsoron masoyan da suka san shi su gudu, sai ya yi irin kiɗan ƙungiyar sak, mai sauraro ya ji kamar tsohuwar waƙa ce aka cire wa muryoyi uku. Wani kuma don ya nuna ya girma sai ya jefar da komai, ya zo da salon da muryarsa ba ta taɓa zama a cikinsa ba. A ganina na biyun ya fi na farko jarumta amma ya fi shi saurin faɗuwa. Abin da ke aiki shi ne ka riƙe abin da mutane suka so a muryarka, ka canza abin da kake faɗa da ita. George Michael ya rabu da ƙungiyarsa ta Wham! a 1986, shekara ɗaya bayan nan ya fito da kundinsa na farko, shi ya tsara kusan komai da kansa, kuma kundin ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 1989. Muryar ita ce dai wadda aka sani, maganar ce ta zama ta babban mutum.

Kuma ba dole sai an yi baram-baram da abokai ba. Beyoncé ta saki kundinta na farko a 2003, ta kwashi Grammy biyar a 2004, kuma a wannan shekarar ta koma suka yi wani kundi da ƙungiyarta ta Destiny's Child. Saboda haka kada ka ɓata waƙa guda kana yi wa tsofaffin abokanka habaici. Za ta yi tashe mako biyu, ka yi shekara goma ana tambayarka a kanta.

Tara waƙoƙi fiye da buƙata, sannan ka yi yanka

Wannan matakin ya fi kowane cin lokaci, kuma shi ne ainihin aikin. Idan waƙa goma kake so, rubuta ashirin da biyar ko talatin. Ba sai kowace ta shiga situdiyo ba. Ɗauke ta a wayarka da jita ko piyano kawai, ko ma da tafi. Waƙar da ba ta tsaya da ƙafarta a haka ba, kiɗa mai tsada ba zai tsayar da ita ba, zai dai rufa mata asiri na ɗan lokaci.

Idan sun taru, ka bar su mako biyu ko uku ba ka saurara ba. Sai ka dawo ka ji su a jere da takarda a hannu, ka raba su uku: wadda ta tsaya maka a rai, wadda ke buƙatar gyara, da wadda kawai kake so don wahalar da ka sha a kanta. Kashi na ukun shi ne tarko. Mai sauraro bai san ka kwana uku kana neman kalmar da za ta dace da amshi ba, kuma bai damu ba.

Sannan ka kunna wa mutum uku ko huɗu da ba sa jin nauyinka. Kada ka tambaye su ko ta yi daɗi, kowa zai ce ta yi. Kalli fuskarsu. Lura da inda suka ɗauki waya suka fara dannawa. Washegari ka tambaye su wace ce suke iya tunawa. Wadda wani ya iya rera maka amshinta bayan ji ɗaya, ka sa mata alama, mai yiwuwa ita ce za ta share wa kundin fage.

Batun yawa kuwa, a manhajoji irin su Spotify da Apple Music, waƙa bakwai zuwa sama ko tsawon da ya wuce minti 30 shi ake lissafawa cikakken kundi, huɗu zuwa shida da ba su kai minti 30 ba ƙaramin kundi ne da ake kira EP. Ni dai ina ganin waƙa tara zuwa goma sha biyu sun ishi mai farawa. Tsoffin fayafayan garmaho minti ashirin da 'yan kai kowane gefe ke ɗauka, shi ya sa kundi ya saba tsayawa wajen minti arba'in, kuma har yau kunnen mutum bai ƙara haƙuri a kan haka ba.

Furodusa da rabon kaso

Nemi furodusa ɗaya, ko biyu, da zai riƙe yawancin kundin. Waƙa goma daga hannu goma takan fito kamar taron baƙi, kowa da yarensa. Kafin ku ƙulla, ku yi waƙa ɗaya tare don gwaji. Abin da za ka duba ba ƙwarewarsa a na'ura kaɗai ba ce. Yana jin maganarka? Yana iya ce maka wannan ɗaukar ba ta yi ba, a sake? Wanda komai ka yi sai ya ce madalla, kuɗinka yake so.

Duk ranar da aka rubuta waƙa, kafin kowa ya tashi, a ɗauko takarda a rubuta sunan waƙar, kwanan wata, cikakken sunan duk wanda ya sa hannu a kalmomi ko kari, da kason kowa cikin ɗari, kowa ya rattaba hannu. Ana jin kunyar yin haka, musamman tsakanin abokai. Ka daure. Rabon abin da bai kawo komai ba tukuna minti biyar ne, rabon waƙar da ta riga ta fashe kuwa sai kotu.

Idan ka sayi kiɗa a intanet, karanta sharuɗɗan. Yawanci haya ce, an ba wasu mutum hamsin irinsa, kuma akwai iyakar yawan sauraron da aka yarje maka. Idan kuma an yanko wani ɓangare na tsohuwar waƙar wani an saka a taka, izini biyu kake buƙata, na mai waƙar da na mai sautin. Maganar da ake yaɗawa cewa daƙiƙa kaɗan ba laifi, ba ta da tushe. In izini bai samu ba, a cire.

Ranar ɗaukar murya

Kuɗin situdiyo da awa ake lissafa shi, don haka ba wurin koyon waƙa ba ne. Ka je ka riga ka haddace, ka san inda za ka ja numfashi a kowane layi, har ka sa alama a takarda. Kuma tun kafin a gina kiɗa a tabbatar matakin sautin ya dace da muryarka. Mawaƙin da ya fito daga ƙungiya sau da yawa ya saba da matakin da aka zaɓa don muryar wani, bai taɓa sanin inda tasa ta fi zaƙi ba. Gwada waƙar a sama kaɗan, gwada a ƙasa kaɗan, ka ɗauka ka saurara. Rabin mataki yana iya raba tsakanin murya mai gamsarwa da murya mai wahala.

Yi barci sosai a daren, sha ruwa tun da safe, ka motsa murya minti goma sha biyar kafin ka tsaya gaban makirufo. Tazarar taƙi ɗaya tsakanin bakinka da shi ta isa, da ɗan ragar nan da ke tare iskar "p" da "b". Ka sa injiniya ya daidaita maka abin da kake ji a hedifon har ka gamsu, domin wanda ba ya jin kansa da kyau yakan yi ihu ko ya kauce wa kari. Wasu suna zame gefe ɗaya na hedifon daga kunne don su ji muryarsu ta zahiri, gwada ka gani.

Rera waƙar daga farko zuwa ƙarshe sau uku ko huɗu, sannan a bi baiti-baiti. Daga baya injiniya zai tsinto mafi kyawun layi daga kowace ɗauka ya haɗa su. Kada ka yarda a goge ta farko. Sau da yawa ita ce mai rai, tun kafin ka fara tunanin kuskure. Bayan awa uku ko huɗu murya takan gaji ko ba ka ji ba, a tsaya a dawo gobe.

Manhajojin gyaran murya irin su Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, ba abin kunya ba ne, kusan kowane kundin zamani ya bi ta cikinsu. Amma suna gyara kari ne, ba sa sa wa waƙa zuciya. Kuma duk abin da na'ura ta yi maka, ka tuna akwai ranar da za ka tsaya a dandali ka rera shi da bakinka.

Amshi kuma fa? Ga shawarata: a waƙa biyu ko uku ka yi wa kanka amshi, ka jera muryoyinka sama da ƙasa. Baƙin mawaƙa kada su wuce ɗaya ko biyu a duk kundin. In ka cika shi da baƙi, ka sake kafa wata ƙungiya ke nan ba ka sani ba.

Haɗa sauti, tacewa da jerawa

Bayan ɗauka sai haɗa sauti, inda ake daidaita murya da ganga da sauran kayan kiɗa kowa ya samu wurinsa. Idan an turo maka, saurara a mota, a lasifikar waya, a hedifon mai araha, domin a nan mutane za su ji. Rubuta gyaranka da minti da daƙiƙa: a 1:42 ganga ta danne kalmar ƙarshe. Wannan ya fi ka ce "a ƙara mata armashi", wanda ba injiniyan da ya san ma'anarsa. Zagaye biyu ko uku na gyara sun isa.

Tacewar ƙarshe, wadda ake kira mastarin, gara wani kunne daban ya yi ta. Shi zai sa duk waƙoƙin su zo da ƙarfi ɗaya da launi ɗaya. Kada ka matsa masa ya ƙure ƙara. Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), don haka wadda aka matse don ta fi kowa amo za a sauke ta, ta rasa numfashinta a banza. Karɓi fayilolin WAV (sautin da ba a rage ingancinsa ba), da sigar kiɗa zalla ba murya, da sassan kowace waƙa daban-daban, ka adana a wuri biyu.

Wajen jerawa, waƙa ta farko ita ce sallamarka, a sa wadda ke faɗin ko kai wane ne cikin daƙiƙa talatin na farko. Mafi ƙarfi ta zo ta biyu ko ta uku. Kada a jera masu sanyi uku a wuri ɗaya. Ta ƙarshe kuwa, a nan ake ajiye wadda ta fi kusa da zuciyarka, ko da ba za ta taɓa shiga rediyo ba.

Sakin kundi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ranar da sauti ya kammala zuwa ranar fita, ka ba kanka wata biyu zuwa uku.

Idan ba ka da kamfani, za ka bi ta masu rarrabawa irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby, su ke kai waƙa manhajojin sauraro. Wasu kuɗin shekara suke karɓa, wasu na kowane kundi ko kaso daga abin da ya shigo, ka karanta ka ga me zai faru da waƙoƙinka ranar da ka daina biya. Kowace waƙa za ta samu lambar shaida da ake kira ISRC mai harafi da lamba 12, kundin kuma ya samu tasa da ake kira UPC. Rubuta su ka ajiye, da su ake bin sawun kuɗinka, kuma in ka canza mai rarrabawa da su za ka tafi don kada lissafin sauraronka ya koma sifili. Duba rubutun sunanka harafi-harafi, ka kuma bincika ko akwai wani mai irin sunan, don kada kundinka ya faɗa shafinsa.

Hoton bango ya zama murabba'i, ɗigon hoto (pixel) 3000 sau 3000, ba adireshin intanet ko sunan shafin sada zumunta a jiki, kuma rubutun da ke kansa ya dace da sunan da ka shigar. Ka rage shi ya koma kamar farcen babban yatsa ka duba, domin a wannan girman yawancin mutane za su fara ganinsa. A kundi na farko fuskarka ta fito. Kuma a samu rubutaccen izinin mai ɗaukar hoton.

Yi rajista da ƙungiyar karɓar wa marubuta waƙa haƙƙinsu ta ƙasar da kake, irin su ASCAP da BMI a Amurka, PRS a Ingila ko SACEM a Faransa, ka shigar da kowace waƙa da kason da kuka rubuta a takarda. Mai rarrabawa kuɗin sauti yake kawo maka, na rubutu ta wannan ƙofar yake biyowa, kuma wanda bai yi rajista ba nasa ba zai iso gare shi ba.

Saki waƙar share fage mako shida zuwa takwas kafin kundi, ta biyu bayan mako uku ko huɗu. Tun Yulin 2015 ranar Juma'a ce aka tsayar a duniya don sakin sabbin waƙoƙi, kuma makon lissafin jadawalin waƙoƙi daga ita yake farawa. A shafin Spotify na mawaƙa, wato Spotify for Artists, kana iya gabatar wa editocin da ke tsara jerin waƙoƙi waƙa ɗaya da ba ta fita ba, aƙalla kwana 7 kafin ranar, amma mako uku ko huɗu ya fi. Yin haka kuma yana sa waƙar ta shiga jerin sabbin waƙoƙi na masu bibiyarka.

Akwai masu zuwa su ce za su sayar maka da sauraro dubu kaza. Na'urori ne, kuma in aka gano ana iya sauke kundin gaba ɗaya. Sauraro a Spotify ba ya shiga lissafi sai an ji daƙiƙa 30, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba ba ta kawo kuɗin sauti a can. Wannan yana sa mutum ya ji kwaɗayin sayen lamba, amma mutum ɗari na gaske da za su dawo gobe sun fi dubu goma da ba su da kunne.

Tun kafin ranar ka tanadi gajerun bidiyo goma ko sha biyar: kana rera amshi da jita kawai, kana ba da labarin yadda wani baiti ya zo, ɗan abin da aka ɗauka a situdiyo. Raba su tsawon wata biyu bayan fita, kada ka zube su a mako guda. A mako na uku ka buɗe alƙalumanka ka ga wace waƙa mutane suka fi adanawa da maimaitawa. Sau da yawa ba wadda ka zaɓa ba ce, wata ce can ta bakwai da ka kusa cirewa. Ita za ka yi wa bidiyo na gaba, kuma ita za ka fara koya wa makaɗanka kafin wasanka na farko.